Ganye Uku a Cikin Hula

In ka gan ni na shiga lambun wani, ko bayan ɗakin da aka yi shuka, za ka ga hannuwana a baya, ɗaya riƙe da ɗaya. Mutane suna cewa tafiyar manya ce na koyo a Gwanja. Na bar su a haka, don ya fi mini daɗin ji. Gaskiyar maganar kuwa ba ta kai can ba. Tana nan tsakanin Shagari da Boɗinga, tafiyar da in ka yi sammako, ko da jaki mai taurin kai, za ka yi la'asar a can.

Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, Inna muke ce mata. Tana da wani irin barkono nata, mu nan tonka muke ce masa. 'Ya'yan ƙanana ne, ba su fi gaɓar ƙaramin yatsa ba, kuma ba sa rataya ƙasa kamar na kowa, sama suke kallo. Zafinsa ba mai marin mutum ba ne. Ƙanshi ke fara zuwa, wani ƙanshi kamar na ƙasar da ruwan farko ya taɓa an haɗa da ɗan hayaƙi, sai ka haɗiye loma sannan zafin ya biyo ka a hankali. Ta ce a bakin zane ta ƙullo shi tana budurwa, shekarar da mutanensu suka taso daga arewa saboda yaƙi. An bar tukwane, an bar turmi, an bar gadon da aka haife ta a kai, ita kuwa ta ƙullo tonka.

Da ta ga girma ya fara kama ta, sai ta raba irin gida biyu. Rabi ta ba yayata, wadda ke aure a Shagari. Rabi ta ba ƙanwarta, wadda muke ce wa Inna Ƙarama, a Boɗinga. Ta kafa musu sharaɗi: kowace ta riƙe nata, kada komai na tonkan wannan gida ya je wancan gida, sai in na ɗaya ya ƙare ƙurmus, sannan a je a roƙo iri. Ni a lokacin na ɗauka rigimar mata ce kawai. Har na ce mata, "Inna, ko Sarkin Musulmi bai tsare garuruwanai haka ba." Ta ce, "Kai dai ci tuwonka."

Ni bafatake ne, kuma ni ne autan Inna. Na je Gwanja sau biyu, na je Ilori, na je Bida, na haye Kwara har masu jirgi sun daina tambayata ko ina tsoron ruwa. Na kuma yi arewa har inda ake ban ruwa da sa da guga. Duk inda ayari ya yi zango, abokan tafiya suna gyaran mangala, ni ina lambun mutane ina surutu. A haka na tsinci sanin ganye, kaɗan wurin wata tsohuwa Banufiya, kaɗan wurin wani Bayarabe mai lambu a bakin rafi, kaɗan wurin Buzaye. Da na dawo gida kuwa ban bar kowa ya manta da na sani ba. Mijin Yaya, wanda tun ranar da ya auri yayata muke wasa da shi, shi ya raɗa mini bokan ganye.

To, akwai wata bazara, bayan rasuwar Inna da 'yan shekaru, da na dawo daga ƙasar Nupe na sauka gidan Yaya. Na kawo mata tsaraba kamar kullum, goro da ɗan zane. Amma wannan karon na ƙara da wani abu da nake ji da shi: busasshen barkonon Nupe, dogo kamar yatsan tsakiya, ja wur, yana ƙyalli kamar an shafa masa man shanu.

Yaya ta ɗaga ɗaya ta juya shi. Ta ce, "Wanga tonka na, ko ƙahon akuya?"

Na ce, "Yaya, ki shuka ki gani. Guda ɗai na ika miki tukunya."

Ta ce, "Na Inna bai taɓa kasa cika min tukunya ba."

Na dinga binta da magana kwana uku. Na ce tsarabar ƙane ce, in ta ƙi shukawa kamar ta mayar mini da ita ne. Daga ƙarshe, don ta huta da bakina, ta fasa biyu ta yafa irin a wani kasko kusa da kaskon tonkan Inna. Da ruwa ya zauna ta dasa su a bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke ke bi. Na Inna ashirin da 'yan kai, a jere bisa ga darnin kara da ya kewaye gidan. Na Nupe shida, a farkon layin, daidai inda mutum ke shigowa.

Wannan daminar ban yi tafiya ba. Rafuka sun cika, kuma ana maganar hanyar yamma ba lafiya, madugunmu ya ce a dakata. Mutumin da ya saba tafiya in ka zaunar da shi sai ya nemi abin da zai dama. Ni tonka na samu. Kullum da safe, in na sha kunu, sai in zagaya bayan ɗaki in yi abin da nake kira duba marasa lafiya. In ɗaga ganye, in leƙa bayansa, in murza shi tsakanin babban yatsa da manuni in ji kaurinsa. Da na Nupe nake farawa, tunda nawa ne kuma su ne a bakin hanya, sannan in bi layi ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe.

Kuma Allah ya sani da farko na yi amfani. Ganyen ƙasa-ƙasa suka fara zama ruwan ɗorawa alhali na sama kore ne shar. Na ce yunwa ce, a kawo tsohon kashin awaki, kada a sa ɗanye don yana ƙona bakin ganye. Kwana goma suka farfaɗo. Wata safiya muka ga huda-huda a ganye da ɗan baƙin kashi a ƙasa. Mijin Yaya ya ce fara ce. Na ce fara daga gefe take ci kuma ba ta barin kashi haka, wannan tsutsa ce, tana nan kusa. Na lalubo ta kwance a jikin kara, kore kamar ganyen, na miƙa masa a tafin hannu na ce, "Ga farar taka, ta aje hiffike gida." Da toho ya fara naɗewa, na ga tururuwa na hawa da sauka, na ce a duba bayan ganyen. Ga 'yan ƙwari nan kamar kwarkwata, sun yi cincirindo, wurin yana danƙo. Aka barbaɗa toka da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, kwana uku, suka watse.

Mijin Yaya ya ce, "Boka, saura ka hwara duba mutane, mu samu na goro."

Na ce, "Da kai za ni hwarawa. Ganyen kanka dut ya zube."

Yaya tana dariya tana cewa mu tashi mata daga bakin murhu. Ina tuna wannan dariyar sosai, don ban ƙara jin irinta a bayan ɗakin nan ba.

Da gero ya fara fitar da kai, sai na ga wani abu a tohon na Nupe. Sabon ganyen ya fito dabbare-dabbare, nan kore mai duhu, nan kore mai haske, kamar zanen da aka tsoma a marina baba bai kama shi daidai ba. Ya kuma ɗan tattare, ya yi ƙuraje-ƙuraje, ya fi na da siranta. Yaya ce ta fara tambayata. Ni kuwa, da yake nawa ne, ban so a ce baƙon da na kawo shi ya fara ciwo ba. Na ce, "Haka irinsu yake can Nupe, ado na." Ban taɓa ganin haka a Nupe ba. Na faɗa ne kawai, na ci gaba da murza ganye ina bin layi.

Bayan kamar mako biyu, na Inna da ke maƙwabtaka da su ya yi haka. Sannan na kusa da shi. Sannan na gaba.

Nan fa na fito da duk abin da na sani. Na leƙa bayan ganye har idona ya yi ruwa, ba ƙwaro, ba yana, ba farin gari. Na ce ko ruwa ne ya yi yawa, na tono ɗaya, saiwar fara tas, ba ruɓa, ba wari. Na tsaga karan, cikinsa lafiya. Ba irin tabon nan ba ne mai zagaye kamar idon zabo, da ke zuwa in ruwa ya yi yawa, wanda in ka tsinke ganyen ka ƙona shi ke nan. Ba ƙunar rana ba ce, don ita fari take yi ta bushe. Na sa toka. Na jiƙa ɓawon maɗaci na yayyafa. Na kafa zana ta yi musu inuwa, na cire ta. Mijin Yaya ya ce baki ne, mutane sun cika yabon tonkan, ya kifa fasasshiyar ƙwarya bisa sanda a tsakiyarsu. Yaya ta karɓo rubutu wurin malamin unguwa ta yayyafa. Muka tuge na Nupen duka shida muka ƙona. Abin bai tsaya ba. Yana tafiya layi-layi kamar mai rabon goron suna, ba ya tsallake kowa.

Ba ya kashe su, shi ne abin haushin. Su tsaya da ransu, su daina tsawo, fure ya fito ya zube. Ɗan abin da ya ƙulla ya fito a karkace kamar farcen kaza, da tabo-tabo a jiki.

Na ce da Yaya, "Mu tambayi Inna Ƙarama. Ta hi ni sanin ganye, ko da ban son hwaɗi."

Ta ce, "Kak ka kuskura."

"Don mi?"

"Inna ta ba ni amana, ta ba ta amana. Ita da ba ta gani ta riƙe tata, ni mai ido biyu in aika a ce mata na kasa? Bari kaka ta yi. In ya ƙare, ni da kaina ni ka zuwa in durƙusa in roƙi iri."

Na ce to. Amma raina bai kwanta ba, kuma in faɗi gaskiya, ba tonkan kaɗai ke damuna ba. Abin da ya fi cina shi ne a ce akwai ciwon ganyen da ban san sunansa ba. Washegari da sassafe na tsinki ganye uku daga cikin waɗanda abin ya fi kamawa, na sa a cikin hulata, na kifa a kai. Na ce da su zan je Boɗinga gaida wani abokin fatauci. Na san sharaɗin Inna. Na ce a raina iri take nufi, ganye ai ba iri ba ne.

Inna Ƙarama a lokacin yanar ido ta rufe mata gani, haske da inuwa kawai take bambancewa. Amma yatsunta sun fi idon mutane da yawa. Da su take tsince tsakuwa a gero, da su take gane wane jika ne ya shigo in ta shafa kansa. Na same ta zaune a tabarma a ƙofar ɗaki tana kaɗi. Na tuɓe takalma na durƙusa, muka gaisa, ta tambayi gajiya, ta tambayi Yaya da mijinta da yara da awaki, ɗaya-ɗaya, har da jakina da ya mutu bara.

Ta ce, "Auta, ka tuna da ni, ko goron na ya ƙare kaz zo ka ga ko na rage wanda kab ba ni?"

Na ce, "Inna, in na ƙi zuwa ki ce na yada ki, in na zo ki ce kwaɗai."

"Dut biyun gaskiya na. Mi ka tahe da kai?"

Na cire hula na fito da ganyen, sun ɗan yi laushi da zufar kaina. Na ce wani abokina ne a Kajiji tonkansa ya kamu, ya roƙe ni in tambaya masa.

Ta ajiye mazari ta karɓa. Ta shimfiɗa ɗaya a tafin hannu ta bi shi da yatsa, gefe da gefe, ciki da baya. Ta ce, "Ba cizo. Ba huda. Bayan nai awa bayan kwaɗo. Jijiyar ta ja ta tattare, awa ɗinkin mai koyo." Sai ta murtsuke shi tsakanin yatsunta har ruwan ya fito, ta kai hanci.



Sannan ta ce, "Abokin nan naka na Kajiji, yayata ta haihe shi?"

Na sunkuyar da kai, ko da na san ba ta ganina. Na faɗa mata duka, tun daga tsarabar Nupe har fasasshiyar ƙwarya. Ta tambayi nawa suka kamu. Na ce saura 'yan ƙarshen layi. Ta ce ta taɓa ganin irinsa sau ɗaya tana yarinya, can arewa, a gidan maƙwabta. Ba ta san sunansa ba, ba ta kuma ji an ce wani abu ya yi maganinsa ba.

Sai ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta ce, "Alhamdu lillahi da anka raba. Taho ka gani."

Muka zagaya bayan ɗakinta. Nata suna nan tsaye har ƙugu, kore shar, 'ya'yan sun fara ɗaga kai sama. Ta bi su tana shafa tohon kowanne tana ƙirgawa, yadda take shafa kan jikoki, da yatsun nan da har yanzu suke kore da ruwan ganyen Shagari. Ta ce, "Taɓa ka ji lahiyayye, bokan banza, ko ka san bambanci." Na taɓa. Na murza, na yaba, na bi layi kamar yadda na saba. Guda huɗu ne kawai ba mu kai gare su ba, suna can lungu tsakanin rumbu da katanga, inda ita ba ta iya shiga, ni kuma tumbina ba ya bari.

Ta ce in gaya wa Yaya kada ta yi kuka, da kaka ta zo ta ɗebi iri, ba sai ta durƙusa ba.

Na dawo Shagari ina jin kaina kamar wanda ya ciwo yaƙi. Na faɗa wa Yaya. Ta yi faɗa, ta yi kuka, sannan ta share hawaye ta ce Allah ya saka wa Inna Ƙarama. Tana cikin kwashe tuwo sai ta tsaya da mara a hannu.

Ta ce, "Da baki kag gaya mata, ko ka kai mata wani abu?"

Na ce, "Ganye ukku ɗai."

"Inna komi tac ce."

"Yaya, ganye ba iri na ba."

Ta dube ni, ta ci gaba da kwashe tuwonta.

Bayan kamar mako uku, wata mai tallan tukwane ta biyo da saƙo, wai Inna Ƙarama na kirana. Da na je ba ta yi mini wasan goro ba. Muna gama gaisawa ta ce, "Ni ba ni gani, amma yatsuna sun ji wani abu. Tahi ka duba min, kuma ka hwaɗa min gaskiya, ba irin ta Kajiji ba."

Tun daga nesa na gani. Tohon duka ya yi dabbare-dabbaren nan. Na dawo na zauna a ƙasa, ba ma a tabarma ba. Na ce, "Shi na, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Dukansu?"

"Ban da huɗun nan na bayan rumbu."

Sannan ta fara yi mini tambaya, a hankali, kamar alƙali mai haƙuri. A Shagari, in na shiga dubawa, daga ina nake farawa? Na ce daga na Nupe. Wanne ya fara kamuwa cikin na Inna? Na kusa da su. Wanne ya kamu a ƙarshe? Na ƙarshen layi, inda nake gamawa. Yaya tana taɓa ganyen? Na ce a'a, ita ruwa kawai take zubawa a gindi, ta ce ganye aikina ne. To nan Boɗinga, waɗanne ne ba mu taɓa ba ranar nan?

Huɗun bayan rumbu ne, ta kuwa riga ta sani.

Ta ɗaga hannunta na dama ta juya shi a gaban fuskarta, kamar tana ganinsa. Ta ce, "Ba ƙwaro na ba, ba ruwa na ba, ba baki na ba. Hannu na, ɗana. Naka da nawa."

Wallahi da ta ɗauki muciya ta buga mini da na fi jin daɗi. Ba ta yi ba. Ta ce a kawo mini fura, wai na sha hanya.

Muka koma kan huɗun nan. Na saro ƙaya na kewaye lungun. Na ɗaura ludayi a dogon kara don a riƙa ba su ruwa daga nesa. Aka tuge sauran aka ƙona, aka hana kowa zuwa wurin. Ni ma daga bakin rumbu nake tsayawa in leƙa, a nan ne na fara koyon kai hannuwa baya. Kafin a yanke dawa uku daga ciki sun kamu. Ko iska ce ta goga su da maƙwabtansu tun kafin mu tuge, ko kaza ce ta ratsa, ko wani jika ne, ban sani ba har yau. Guda ɗaya ya tsaya da ganyensa lafiya a ido. Da 'ya'yansa suka nuna, wata maƙwabciya da ba ta taɓa shiga wurin ba ita aka roƙa ta tsinke. Aka shanya, aka raba biyu, Yaya ta zo da kanta ta karɓi nata. Ta durƙusa kuwa, ko da an ce ba sai ta yi ba, su biyun suka riƙe hannun juna suka daɗe.

Da bazara ta zagayo aka yafa a sabon kasko, da sabuwar ƙasa, nesa da tsohon wuri, a gidajen biyu. Ya tsiro. Ganye biyun farko lafiya. Na uku lafiya. Ina Shagari ranar da na huɗu ya buɗe, Yaya ta kira ni in duba daga inda nake tsaye. A cikin kaskon akwai guda biyar ko shida da rinin bai kama su daidai ba. Ashe abin ya shiga har cikin irin, uwar ta ɓoye shi ne kawai. Ta cire su da tsinke, ba ta taɓa da hannu ba. Amma a kasko ɗaya suka tashi, ganye na gogar ganye. Kafin a dasa rabi sun bi, kafin kaka sauran sun bi. Na Boɗinga ma haka.

Shekara ta biyu ma haka. Inna Ƙarama ta rasu a ta uku. Bayan ɗakinta yanzu turken awaki ne.

Na yi ƙoƙari, kada a ce ban yi ba. Na bar hanyar Nupe na koma bin ayarin arewa, duk don in kusanci inda Inna ta taso. Kowace kasuwa na shiga sai na bi layin masu kayan miya ina sansana tonka, har wata mata ta tambaye ni ko mura nake nema. Sau uku ina samun ƙanana masu kallon sama. Sau uku ina kawowa. Yaya ba ta bari in wuce zaure da su. Nan za ta fito ta fasa ɗaya ta kai hanci, ta ce, "Ba shi na ba," ta sa a kai wa maƙwabta su yi miya. Goro tana karɓa, zane tana karɓa, amma duk wani abu mai tsiro ta ce in bar wa masu shi.

Mijin Yaya ya daina ce mini boka. Ba wanda ya hana shi. Yanzu in na zo sai ya ce sannu da hanya, ya tambaye ni labarin garuruwa cikin ladabi, kamar baƙo. Na tsokane shi da sanƙonsa ya fi a ƙirga, sai ya yi murmushi kawai.

Yaya ba ta daina shukawa ba. Duk shekara tana yafa abin da ta samu, duk shekara yana fitowa da ciwonsa, gajere, ba ya wuce gwiwa. Tana samun abin da bai cika tafin hannu ba. In na zo takan jefa ɗaya a miya. Zafin yana nan kaɗan-kaɗan. Ƙanshin ne ke tafiya, kowace shekara sai ka ƙara nemansa, kamar muryar wanda ke yin nisa. Yaran gidan da aka haifa bayan abin ba su san me muke nema a cikin miyar ba. Su a wurinsu tonka ne mara kyau da tsohuwa ta ƙi rabuwa da shi.

Bara Yaya ta kira ni bayan ɗaki, na tsaya inda na saba tsayawa. Ta ce, "Mi kag gani?"

Na ce, "Bana ma shi na, Yaya."

Ta ce, "Na sani. So nike in ji ko za ka ce min ado na."

Guda biyu ne kawai suka yi 'ya'ya a baran. Wannan bazarar da ta wuce ina gidan ta kwance bakin zanenta, a nan take ƙulle irin yanzu, yadda Inna ta ce ta yi. Ta zuba shi a 'yar ƙwarya da ruwa, don mai rai nutsewa yake, fanko kuma ya taso. Muka tsaya muna kallo, ita a tsugune, ni a tsaye daga baya. Yawancinsu suka taso suna yawo a bakin ƙwaryar.

Ta tsiyaye ruwan a hankali, ta leƙa. Ta ce, "Huɗu sunka nutse."

Na ce, "Huɗu ma ai iri na."

Ta jawo kasko kusa da ita, ta ce, "Auta, tahi zaure ka zamna. In na gama ni kira ka."

Na tafi zaure na zauna.